Inuwar Giginya: Haƙƙin Iyalin Likita da Haƙƙin Jama'a a Minna

Hausawa suna cewa inuwar giginya na nesa ka sha, domin tsawon itaciyar yakan jefa inuwarta can gefe, wanda ya raɓu da gindinta kuwa rana ta ci gaba da dukansa. Da wannan karin magana ake zargin mutumin da alherinsa ke isa ga bare alhali na jikinsa suna cikin buƙata, kuma zargi ne mai nauyi a cikin al'adar da ta ɗora zumunci a sahun gaba. Sai dai akwai mutanen da sana'arsu ce ta mayar da su giginya ba da son ransu ba, kuma likitan da ke aiki a garin da likitoci suka yi ƙaranci yana kan gaba a cikinsu. Abin da wannan maƙala ta sa a gaba shi ne matsayin waɗanda ke zaune a gindin wannan giginya, wato matar likita ko mijin likita da 'ya'yansu, da tambayar ko abin da suke rasawa na lokaci da natsuwa da sirrin gida haƙƙi ne da ya faɗi saboda ceton rai ya fi shi girma, ko kuwa bashi ne da ke nan daram, wanda ya wajaba a san mai biyansa.

Garin da kowa ya san gidan likita

Minna ta dace da wannan nazari saboda yanayin girmanta. Asalinta mazaunin Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, ta kuma bunƙasa a farkon ƙarni na 20 albarkacin layin dogo da aka shimfiɗa daga Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911, ya jawo mata Hausawa da Nupawa da Yarabawa da Ibo. A 1976 ta zama hedikwatar Jihar Neja, jihar da ta fi kowace jiha a Nijeriya faɗin ƙasa, mai ƙananan hukumomi 25, sannan a 1983 aka kafa mata Jami'ar Fasaha ta Tarayya. Duk da haka, idan aka ce ƙaramar al'umma a nan, ba yawan kawuna ake nufi ba, ana nufin yawan sanayya, wato yadda hanyoyin mutane ke yawan gamuwa har ya zama da wuya mutum ya shiga taro bai tarar da wanda ya san gidansu ba. A Kano ko Legas likita yana iya fitowa daga asibiti ya ɓace cikin jama'a, amma a Minna wanda ya duba da safe shi ne zai tsaya kusa da shi a sahun Juma'a, matarsa kuma za ta haɗu da matar wannan mutumin a Kasuwar Kure, ko a bakin makarantar yara, ko a gidan biki a Bosso ko Tunga ko Limawa.

Asibitocin garin, irin su Babban Asibitin Minna da Asibitin Ƙwararru na IBB da ke Chanchaga da asibitin mata da jarirai na Jummai Babangida Aliyu, ba mazauna Minna kaɗai suke karɓa ba, domin daga Paiko da Kuta da Sarkin Pawa da Kagara ake kawo wanda ciwonsa ya fi ƙarfin ƙananan asibitoci, kuma idan aka rasa mafita a nan, sai dai a kama hanyar Bida zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ko a bi ta Suleja zuwa Abuja, da majinyacin da watakila jikinsa ba zai jure tafiyar ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa Nijeriya tana da likitoci kusan 4 ga kowane mutum 10,000, kuma a 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitocin da suka rage a ƙasar sun kai kimanin 55,000, bayan kusan 16,000 sun fice a cikin shekara biyar. Waɗanda suka rage ɗin ma sun fi taruwa a Legas da Abuja. Ma'anar wannan a gari irin Minna ita ce, a wasu fannoni na ƙwarewa, sunan ƙwararre ɗaya ko biyu ne ke yawo a bakin mutane, kuma duk wanda ya san sunan ya san unguwar, ya san launin ƙofar gidan.

Farillar da ta hau kan kowa

Malaman fiƙihu sun kasa wajibai gida biyu. Akwai fardu aini, wato farillar da ta hau kan kowane baligi shi da kansa, wadda wani ba ya ɗauke wa wani, kamar salloli biyar. Akwai kuma fardu kifaya, wato farillar da ta hau kan jama'a gaba ɗaya, wadda idan wasu suka tsaya da ita gwargwadon buƙata sauran sun kuɓuta, idan kuwa aka rasa mai tsayawa da ita kowa ya yi laifi, kamar sallar jana'iza. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sanya ilimin likitanci a cikin wannan kaso na biyu a littafinsa Ihya'u Ulumid Din, har ya yi ƙorafi a kan garuruwan zamaninsa da suka cika da masu zurfafa muhawarar fiƙihu alhali ba su da likita Musulmi. A ƙasar Hausa ma shugabannin Daular Sakkwato sun ɗauki al'amarin da muhimmanci, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai a kan magunguna da cututtuka duk da nauyin mulki da ke kansa. Dalilin wannan matsayi shi ne kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a guda biyar, tare da kiyaye addini da hankali da zuriya da dukiya.

Akwai wata ƙa'ida a cikin wannan babi wadda ita ce tushen matsalar gidan likita. Fardu kifaya yakan rikiɗe ya zama fardu aini a kan mutum guda idan babu wanda zai iya aikin sai shi, kamar gwanin iyo da ya ga yaro yana nutsewa a rafi alhali babu wani gwani a kusa. Idan naƙuda ta tsananta da ƙarfe biyun dare, jini ya ɓalle, kuma likita ɗaya ne a kusa da zai iya tiyata, to fitarsa ta zama wajibi a kansa, kuma babu malami ko mai hankali da zai ce ya zauna saboda ɗansa yana zazzaɓi mai sauƙi ko saboda ya yi wa matarsa alƙawarin kai ta gida. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta haramta wa ma'aikacin lafiya ƙin duba wanda ke cikin halin gaggawa. Abin lura shi ne wannan rikiɗa an shar'anta ta ne domin yanayi na wucin gadi, amma a inda likitoci suka yi ƙaranci sai ta zama ita ce rayuwar yau da kullum, har farillar da aka raba wa dubban ɗaruruwan mutane ta tattaru a wuyan 'yan ƙalilan shekara da shekaru.

Imam Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a 1388, ya yi wani bayani a littafinsa Al-Muwafaƙat da ke haskaka wannan wuri. Ya nuna cewa fardu kifaya yana kan wanda ya iya ta fuskar aikatawa, yana kuma kan waɗanda ba su iya ba ta fuskar samar da wanda ya iya da tsayar da shi da taimaka masa. Bisa wannan fahimta, samuwar likita guda a gari ba ta sauke wa mutanen garin nauyi ba, sai dai ta sauya kamannin nauyin, daga yin aikin zuwa ɗaukar ɗawainiyar mai yin sa. Jama'ar da ta ga likita ya tsaya sai ta naɗe hannu, tana ganin ta kuɓuta, ta yi wa ƙa'idar gurguwar fahimta.

Haƙƙin na kusa

A ɗaya ɓangaren, haƙƙin iyali fardu aini ne tun asalinsa, domin babu wanda zai zama miji ga matar wani ko uba ga 'ya'yan wani a madadinsa. Littattafan mazhabar Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, irin su Risala da Mukhtasar, sun yi bayanin ciyarwa da tufatarwa da matsuguni, amma haƙƙin aure bai tsaya nan ba, domin Alƙur'ani ya yi umarni da kyakkyawar zamantakewa, wadda ta ƙunshi zama tare da hira da kula da halin da abokin zama yake ciki. Malaman wannan mazhaba sun kuma ba wa mace damar kai ƙara idan doguwar ƙauracewar miji ta cutar da ita, ko da ya bar mata abin da za ta ci, kuma ana ruwaito cewa Halifa Umar ya ƙayyade watannin da mayaƙi zai yi nesa da iyalinsa bayan ya bincika iyakar abin da mace za ta iya jurewa. Wannan hukunci na Umar yana da muhimmanci ƙwarai, domin ya nuna cewa girman hidimar jama'a bai shafe haƙƙin gida ba, kuma shugaba ne ya ɗauki alhakin tsara aikin yadda haƙƙin zai tsira, bai bar wa mayaƙi da matarsa su ƙarata ba.

Haka kuma Bukhari ya ruwaito labarin Salmanu da ya ziyarci Abu Darda'i ya tarar da matarsa a hargitse ba kwalliya, da ya tambayi dalili sai ta nuna masa cewa mijinta ya juya wa duniya baya saboda ibada, daga nan Salmanu ya tunatar da shi cewa Ubangijinsa da jikinsa da iyalinsa kowanne yana da rabonsa a kansa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma ya gaskata Salmanu. Abin da ya tona wuce gona da irin wannan babban sahabi shi ne halin da aka ga matarsa a ciki, wato iyali su ne ma'aunin da ake gane ko aikin alheri ya ƙetare iyaka. Kiristocin Minna ma suna da wannan tambaya a cikin littafinsu, inda misalin Basamariye mai tausayi ya wajabta tsayawa a kan wanda aka tarar a cikin rauni, Bulus kuma ya yi kakkausan gargaɗi ga wanda bai kula da mutanen gidansa ba. Ita kanta sana'ar likitanci ta makara kafin ta amince da wannan, domin rantsuwar likitoci ta Jeniba da aka tsara a 1948 sai a gyaran 2017 aka saka mata batun kula da lafiyar likita da walwalarsa.

Wani abu da ya kamata a tsaya a kansa shi ne likita kaɗai ne ya yi rantsuwar, shi kaɗai aka horar shekara shida a jami'a da shekara guda ta sanin makamar aiki, shi kaɗai kuma ake biya, amma aikin mutum biyu ne ke yin sa. Masaniyar zamantakewa Hanna Papanek ta bayyana irin wannan a 1973 da sana'a ɗaya mai cin mutum biyu, wato aikin da aka ɗauki mutum guda a takarda amma aka gina shi bisa zaton cewa akwai wani a gida da zai riƙe duk abin da ya saki. A Birtaniya, shekaru masu yawa matar likitan unguwa ita ce mai ɗaukar waya da karɓar saƙon dare ba tare da albashi ba, kuma sai a 2004 aka ba likitocin unguwa a can damar sauke nauyin kiran dare ga wani tsari na dabam.

Alfarma da amana da ajali

Nauyi na farko da ke sauka a kan matar likita a Minna shi ne na alfarma, wato biyan buƙata ta hanyar sanayya maimakon bin ƙa'ida. Tana zaune a gidan suna cikin mata, ana raba waina da zoɓo, sai wata dattijuwa ta matso ta zaro takardar gwaji a naɗe daga bakin zaninta ta tura mata a hannu, ta ce, “'Yar nan, don Allah ki nuna wa Dakta, Allah Ya yi miki albarka.” Kunya da kara, wato kawaicin da ke hana a kunyata babba a gaban mutane, ba za su bar ta ta ƙi karɓa ba; idan ta kai, ta ƙara wa mai gidan da bai yi barci ba jiya wani aiki, kuma ta taimaka wa mai sanayya ya tsallake wanda ya zo daga ƙauye tun asuba ya yanki kati yana layi; idan ta ce Dakta yana hutawa, gobe za a ce rijiya ta bayar guga ya hana. Ga kuma dangi na nesa da na kusa da ke ɗaukar gidan a matsayin masaukin masu jinya, inda ita ce mai dama kunu, mai zuba abinci a kula a kai asibiti safe da yamma, wani lokaci har da cikon kuɗin magani, domin an riga an yanke cewa gidan likita ba ya rasa kuɗi, ko da albashi ya makara ko alawus ya maƙale. Karamci ibada ne, amma alfarmar da ke danne haƙƙin wanda ba shi da kowa ba ta cikin karamci, kuma matar da ta tsare ƙofa domin mijinta ya samu barcin da zai riƙe wuƙar tiyata da shi gobe tana yi wa majinyatan gobe hidima, ko da ba wanda zai gode mata.

Nauyi na biyu shi ne na amana. Sirrin majinyaci amana ce a addini, kuma doka ta 2014 da ƙa'idojin Hukumar Likitoci ta Nijeriya sun wajabta kiyaye shi, har daga iyalin likita. A babban birni wannan ba ya da wuya, domin majinyacin baƙo ne. A Minna kuwa yana iya zama maƙwabci, ko malamin Islamiyyar yara, ko saurayin da ke neman auren ƙanwar matar. Don haka likita nagari yakan shigo gida da abin da ba zai iya faɗa ba, matarsa tana ganin nauyin a fuskarsa ba ta da ikon tambaya, kuma wannan shiru yana gina wani bango a tsakiyar auren da ba laifin kowa ba ne. A waje kuwa ana zaton ta san komai, sai a riƙa bugun cikinta da tambayoyin da aka lulluɓe da jaje, ana cewa an ga wance a asibiti, ko lafiya. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma matar likita tana cikin waɗanda wannan magana ta fi hawa kansu, domin ko abin da ta tsinta bisa kuskure, kamar muryar da ta gane a waya ko motar da ta gani a ƙofar gida da dare, ya zama amana a wuyanta, kuma kalma ɗaya daga bakinta tana iya kashe aure ko ta zubar da mutuncin gida.

Nauyi na uku shi ne na ajali. Musulmi ya yi imani cewa magani sababi ne, wato hanya ce da aka umarce shi ya bi, waraka kuwa daga Allah take, kuma babu wanda ke ƙetare wa'adinsa. Sai dai zafin rashi yakan rinjayi wannan ilimi, kuma a garin da kowa ya san kowa, matar likita ita ce za ta shiga gidan ta'aziyyar wadda ta rasu a hannun mijinta, ta durƙusa a gaban uwar mamaciyar ta ce, “Mama, ya haƙuri? Allah Ya jiƙanta,” tana jin yadda hira ta ɗauke da shigowarta. Idan an yi sakaci, akwai hanyar kai ƙara kuma daidai ne a bi ta, domin fiƙihu ya ɗora lamuni a kan likitan da ya yi ganganci ko ya yi aikin da bai iya ba. Amma matarsa da 'ya'yansa ba su da hannu, kuma ƙa'ida ce tabbatacciya a Alƙur'ani cewa wani ba ya ɗaukar laifin wani. Haka abin yake a lokacin yajin aiki, inda fushin gari ke sauka a kan yaran likita a makaranta. A kan wannan kuma akwai fargabar cutar da zai iya kwasowa ya shigo da ita gida, irin zazzaɓin Lasa da ya kashe ma'aikatan lafiya da dama a Nijeriya, da fargabar hanya ga wanda aka tura aiki yankunan da 'yan bindiga suka addaba, kamar Shiroro da Munya da Rafi, ya bar iyali a Minna suna jiran waya.

Idan likitar mace ce, nauyin yakan ɗauki wata siffa. Al'ummar da ke dagewa cewa mace ce ya kamata ta duba mata, musamman a ɗakin haihuwa, ita ce kuma wani lokaci ke yi wa mijin likita tsegumi saboda matarsa tana kwana a asibiti shi yana gida da yara. Waɗannan abubuwa biyu ba sa haɗuwa, domin abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne, kuma babu likita mace sai da aikin kwana, babu aikin kwana sai da mijin da ya yarda ya kuma tsaya. A Minna aka kafa Tarayyar Ƙungiyoyin Mata Musulmi ta Nijeriya, wato FOMWAN, a 1985, ƙarƙashin jagorancin Hajiya Aisha Lemu, kuma ilimin 'ya'ya mata da lafiyar iyali suna cikin manyan abubuwan da ta sa a gaba. Garin da ya haifi wannan yunƙuri ya fi cancanta ya girmama namijin da ya riƙe gida domin matan wasu su haihu a hannun mace.

Haƙuri da iyakarsa

Amsar da al'ada ta tanadar wa duk waɗannan ita ce haƙuri, kuma ba ƙaramar amsa ba ce. A nazarin da Anthony Kirk-Greene ya buga a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, haƙuri yana cikin siffofi goma da ya lissafa, tare da gaskiya da amana da karamci da kunya da adalci. Babu shakka matar da ta rufe abincin da ya huce ta kwantar da yara, ta yi wa mijinta addu'a da ya fita tsakar dare, tana da rabo a cikin ladan ran da aka ceto, domin ayyuka suna bin niyya, kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya kula da iyalin mai fita domin ɗaukaka addini yana samun lada irin nasa. Sai dai wannan hadisi yana magana ne da jama'ar da ke kewaye, yana kiran su su tsaya wa gidan wanda ya fita yi musu hidima, don haka hujja ce a kan maƙwabta kafin ta zama lallashi ga iyali.

Malamai sun kasa haƙuri gida uku: haƙuri a kan yin biyayya, da haƙurin barin saɓo, da haƙuri a kan ƙaddara mai ɗaci. Ciwon da ya taso da dare ƙaddara ce, amma rashin ɗaukar isassun likitoci, da jinkirin biyan haƙƙinsu, da barin ƙananan asibitoci babu ma'aikata har kowane ciwo ya kwararo Minna, ayyukan mutane ne da za a tambaye su a kai. Larura tana halatta abin da aka hana, amma ana auna ta da gwargwadonta, kuma larurar da sakaci ya ƙirƙira ba ta wanke wanda ya yi sakacin. Haƙurin iyalin likita sadaka ce da suke bayarwa daga abin da yake nasu, kuma sadaka ba ta zama sadaka sai mai ita ya bayar da yardarsa. Idan wanda ke cin amfaninta ya mayar da ita haraji, yana cewa a yi haƙuri alhali yana da ikon rage nauyin, to ya yi amfani da kyakkyawar ɗabi'a ya rufe zalunci. Shi ma likita yana da nasa hisabin, domin ba kowace fita ce ceton rai ba, kuma wanda ya tashi daga asibitin gwamnati ya wuce asibitin kuɗi har tsakar dare domin ƙarin samu ba zai fake da hukuncin gaggawa ba. Wajibi ne ya bambance wa kansa da iyalinsa tsakanin abin da Allah Ya ɗora masa da abin da ya ɗora wa kansa.

Mai biyan bashin

Shawarar barin gari ko barin ƙasa a cikin ɗaki ake yanke ta, tsakanin miji da mata, bayan an auna makarantar yara da tsaro da aikin abokin zama, wanda sau da yawa shi ma mai ilimi ne da ya haƙura da ci gaban sana'arsa saboda damar aiki a Minna ba ta kai ta Abuja ba. A 2023 wani ƙudiri ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Wakilai, yana neman a hana sababbin likitoci cikakken lasisi sai sun yi aikin shekara biyar a gida, ƙungiyoyin likitoci kuma suka yi masa ca. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da wata manufa ta ƙasa a kan ƙaurar ma'aikatan lafiya wadda ta karkata ga kyautata yanayin aiki. Ta fuskar ɗabi'a, jama'a tana da haƙƙi a kan wanda ta ilimantar da dukiyarta, amma ba ta da hurumin ɗaure shi da iyalinsa a kan farillar da ita ta ƙi ɗaukar kasonta, musamman ganin cewa alƙawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001, na ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, Gwamnatin Tarayya ba ta cika shi ba.

Saboda haka haƙƙin iyalin likita bai faɗi ba, an jinkirta shi ne a sa'ar da rai ke cikin haɗari, kuma abin da aka jinkirta bashi ne. Kaso mafi girma na wannan bashi yana kan hukuma, wadda ita ce magajiyar aikin da Umar ya yi na ƙayyade lokaci, ta hanyar ɗaukar ma'aikata da tsara aikin kwana da tabbatar da hutu da biyan albashi a kan kari da tsare gidajen ma'aikata. Wani kaso yana kan malamai da limamai da shugabannin coci, waɗanda ya kamata su karantar da cewa neman alfarma a kan layin marasa lafiya cin haƙƙi ne, kuma bugun cikin matar likita gulma ce. Sauran yana kan kowane mazaunin gari, kuma ba ya buƙatar kasafin kuɗi: mai ciwon da zai iya jira ya je ya yanki kati da safe maimakon buga ƙofa da dare, dangi su tambayi uwargida kafin su turo mata mai jinya, maƙwabci ya ɗauko yaran likita daga makaranta ranar da tiyata ta riƙe shi, mata kuma su matsa wa matarsa wuri a gidan makoki kamar kowa. Ba a rage wa giginya tsawo domin na gindinta ya sha inuwa, amma waɗanda inuwarta ke faɗa wa suna da ikon kafa masa rumfa, kuma a kan wannan rumfa za a tambaye su.